Hutun Kaka a Gidan Inna Mui

Lieu ta sauko daga jirgin ƙasa a tashar Hanoi, hannu ɗaya dafe da ƙugu, ciki a gaba tana biye. Rigar jikinta mai kama jiki ce, kuma da gangan ta zaɓe ta.

Nhan na tsaye a bakin ƙofa tana jiran ta. Tare suka yi makaranta, tare suka kama ɗaki suna 'yan mata. Daga baya Lieu ta auri Khoi, ta yi shekaru a gidansa ba ko ɓatan wata. Uwarsa, Inna Mui, ta gaji da dafa mata saiwoyi, ta watso mata kayanta waje a gaban maƙwabta. Ba a rufa shekara ba tsohuwar ta zaɓo wa ɗanta Nhan. Ga shi ita ma ta daɗe a gidan, shiru kake ji.

"Kin yi ƙiba," in ji Nhan, idonta a kan cikin.

"Ke ma kin san ba ƙiba ba ce."

Hutun 'yancin kai ya haɗe da ƙarshen mako, kaka ta shigo, zafi ya karye. Lieu ta ce ba inda za ta bari ba ta leƙa ba. Nhan ta roƙi mijinta ya kai su a motarsa, kada a ce sun riƙe baƙuwa a zuci. Khoi ya ɗauki makulli.

A gidan tarihin mata, Lieu ta wuce komai ta tsaya gaban zannuwan goyon da aka rataye a bango.

"Khoi, ɗauke ni hoto a nan. Ta gefe, don ya fito da kyau."

Ya ɗauka.

"Ke Nhan, kawo hannunki. Ga shi nan yana shuri."

Nhan ta ɗora tafinta a kan cikin, ta janye, ta juya musu baya. Kafaɗunta suka yi ta girgiza. Wata mai gadi ta harari Lieu, ita kuwa ko a jikinta.

Washegari suka bi titin da ganye ke zuba, suka sayi furanni wajen masu tallar keke. Lieu ta ce tana kwaɗayin ɗanyar shinkafar kaka, wadda ake naɗowa a ganyen bado. Nhan ta ce ta lungunsu ta fi ta ko'ina daɗi. Can suka je. Matan da suka kalli Lieu tana tsince kayanta a ƙasa, su ne suka fito yau suna leƙe. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta gaishe su, ba ta tsallake kowa ba.

Ranar Lahadi ta zo daidai da ranar tunawa da rasuwar mahaifin Khoi, ranar da dangi kaf ke haɗuwa cin abincin rana. Nhan ta ce wallahi ta sha'afa, kuma ba ta yadda za ta bar mai ciki ita kaɗai a masauki.

Inna Mui na kunna turare gaban hoton marigayin lokacin da suka shigo. Tsinken turaren ya suɓuce mata.

"Sannu da gida, Gwaggo," in ji Lieu. Da can Mama take ce mata.

Aka zauna a tabarmi, ga dafaffiyar kaza, ga shinkafa mai danƙo. Tsohuwar ta ajiye wa Nhan kwanon maganinta mai ɗaci kamar kullum, a gaban kowa. Aka tambayi Lieu labari. Ta ce ta auri wani mai gyaran injin kwalekwale a Da Nang, ko gama biyan gaisuwar biki ba su yi ba ta fara amai.

"Kuma ko saiwa ɗaya ban sha ba, Gwaggo."

Yayar marigayin, wata kurmar tsohuwa da ba ta iya magana a hankali ba, ta ƙura wa cikin ido.

"Mui! Wannan ba ita ce juyar da kika kora ba? To in ita ta ɗauka, wa ke nan ya rage?"

Cokula suka tsaya. Lieu ta miƙa hannu ta ɗauke kwanon daga gaban Nhan, ta tura shi a hankali har sai da ya taɓa gwiwar Khoi.

"Sha da zafinsa. An ce ya fi aiki."

Khoi ya tashi ya fice ko takalmi bai tsaya sawa ba. Inna Mui ta waiga, ta ga dangin mijinta sun zuba mata ido. Nhan na sunkuye, ta rufe fuska da hannu biyu. Matan gida suka yi ta ba ta baki, suna cewa wannan ƙawa ba ta da imani.

Duk da haka Nhan ce ta raka Lieu tasha. Suka isa bakin jirgi.

"Kada ki ɗauka na yafe miki," in ji Lieu.

"Na sani."

"Kin tabbata ya san matsalar tasa ce tun ina gidan?"

"Da bakinsa ya faɗa min, ranar da ya sha ya bugu. Likita ya gaya masa, ya yi shiru ya bari aka kore ki. Ni ma an fara haɗa min kaya."

Lieu ta gyara jakarta ta sa ƙafa a matakala. "To, kin gamsu?"

Nhan ta ɗago kai. Dariyar da take dannewa tun daga gidan tarihi ta ƙwace mata.

"Ke da kika so ki taho tun ranar da na kira ki! Ban ce miki ki jira sai cikin ya fito sosai ba?"