Motar da Ta Ƙi Haɗuwa

"Wai motar nan gyara ta kake yi, ko kwalliya kake mata?"

Daga kicin ta jiyo yayan mijinta yana tambaya. Ba ta leƙo ba. A dangin mijin, Shiru-shiru suke kiranta, don tun da ta shigo cikinsu ba wanda ya taɓa jin muryarta ta fi ƙarar cokali a kofi.

Mijin nata direba ne, 'yan makaranta yake kaiwa ya ɗauko a ƙaramar bas ɗinsa. Ranar da aka ba da hutu ya gogi ginshiƙin ƙofa wajen shigowa, ya ce rana ce ta shiga idonsa. Washegari ya buɗe injin. Ya ce motar ba ta ja, iska ba ta shiga yadda ya kamata. Ya zare wayoyi da tiyo, ya kwance kabureta, har ya kai ga manifol, ƙarfen nan mai rassa da ke raba wa injin iska. Ya zauna da shi a kan tabarma a tsakar gida, ya kama gogewa da samfefa.

Aikin kwana biyu ne, in ji shi. Hutu ya ƙare, mota na nan hanjinta a waje.

Ba lalaci ba ne. Da yatsa yake bin cikin kowane reshe, in ya ji kaushi ya koma baya. Can sai ya ɗaga ƙarfen ya ce, "Duba min, ya yi sheƙi?" Ta ce ya yi. In saƙo ya shigo wayarsa, ya ce hannunsa duk baƙin mai, ta karanta masa. Iyayen yara ne. Wasu har sun fara cigiyar wani direban.

Wajen haɗawa ake samun matsala. Ita ke wanke notuna da fetur ta jera masa a tsohon faranti, amma duk ranar da ya tashi ɗaurawa sai a rasa ɗaya. Ya laluba tabarma, ya laluba ƙarƙashin mota, ya sa a kawo wani daga kasuwa. In sabon ya zo, sai a ga wata 'yar roba ce kuma ba ta nan.

"Kajin gidan nan ƙarfe suke ci?" in ji yayan. "Ko ka manta yadda ka kwance ne, kunya ta hana ka faɗa?"

"Ni na kwance ta, Yaya, ni zan haɗa ta. Litinin za ka gan ni a hanya."

"Litinin ɗin wace shekara?"

Ranar Asabar da safe yayan ya dawo, da bakanike da igiyar jan mota. Bai nemi shawarar kowa ba. Mijin yana zaune da ƙarfensa a cinya. Bai saba musu da yayansa ba.

Bakaniken ya leƙa injin ya yi dariya. "Wannan ai kafin yamma na gama. Jibi ya kwashi yaransa."

Shiru-shiru tana shara. Ta jingine tsintsiyar. Ta taka har bakin ƙofa, ta tura ta, ta saka sakata, ta jingina bayanta da ita.

"Yaya, ina kwana. Motar nan ba za ta fita ba."

Yayan ya juyo ya dube ta sama da ƙasa. "Au, ashe kina magana?"

"In ta kama."

"Matsa, ƙanwata. Abincinku nake nema muku."

"Mun gode. Amma mai ita ya ce shi zai haɗa. In ka ja ta yau, gobe duk unguwa a ce ya kasa. Sai dai a bi da ita ta kaina."

Idonta a ƙasa, amma ko taku ɗaya ba ta yi ba. Yayan ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya ce zai kira iyayenta. Ta ce tana da lambar, in yana so. Bakaniken ya fara naɗe igiyarsa, ya ce shi ƙarfe ya iya, bai iya mace a ƙofar gidanta ba.

"To, ku ci sheƙi ku ƙoshi," in ji yayan. Sai a lokacin ta zare musu sakata.

Da gidan ya yi tsit, mijin ya fashe da dariya irin wadda ya daɗe bai yi ba. "Ashe zakanya nake aure ban sani ba." Ya ɗaga manifol ɗin wajen igiyar shanya, inda zanenta ke rataye. "Duba nan. Kina ganin fuskarki a ciki?"

Tana tsaye a bayansa. Ta zagaya a hankali, ba ta bari takalminta ya yi ƙara ba, ta tsaya gefen zanen sannan ta amsa.

"Ina gani. Ya yi kyau."

"Gobe zan ɗaura shi. Wanke min notunan."

Ta ɗauki farantin ta shiga kicin. Ta jawo tsohon gwangwanin madara daga bayan buhun gishiri, ta zaɓi noti ɗaya ta saki a ciki. Ya faɗa kan 'yan'uwansa.

Ranar da ya gogi ginshiƙi babu rana, hadari ne ya rufe gari. Ita ce a tsaye tsakiyar ƙofar, cikin jan zane, tana ɗaga masa hannu, kuma bai taka birki ba sai da ya ji ihunta. Yaran mutane ba za su sake zama a bayansa ba muddin tana gidan nan. Amma har sai ya faɗa da bakinsa cewa ganinsa ya kusa ƙarewa, ba wanda zai ji daga nata.