Mutum na Biyar a Ajiyar Muhibba

Mai gyara ya rufe kwamfutar ya girgiza kai. Ruwan da ya zubo daga rufin ofis ya lalata komai. Binciken shekara uku da Muhibba ta yi kan irin dawa a Sheda yana ciki, kuma jibi za ta miƙa shi.

Ba ta yi kuka ba. Tun bara ta shiga wata manhaja mai ɓoye kwafin aikin mutum a wayoyin abokan zumuntarsa, kowa ya ara masa ɗan wuri. Sai da mutum biyar manhajar ta yarda. Yanzu tana nuna kwafi ɗaya kacal ya rage, ba suna, wayar kuma ba ta kan layi.

Tun a tasi ta fara kira. Nabilah ta sauya waya. Promise ta goge manhajar, wai tana shanye mata data. Ameer an zare masa tasa a Nyanya. Saura Zulkifilu, wanda zai aure ta. A Gwarinpa ta same shi, ya hau sosa ƙeya.

"Wallahi bidiyoyi suka cika wayar, sai na goge shi. Na ce ai akwai sauran mutum huɗu."

Ta fito ba sallama. A mota ta ƙirga yatsunta ya fi sau goma, na biyar ya ƙi zuwa mata.

La'asar sakaliya ta isa gida Jikwoyi. Umma na kicin. Tun rasuwar Baba, ba ta girki sai da tsoffin saƙonnin muryarsa a kunne, amma yau sautin ludayi kawai ake ji.

"Sa mini data, auta, tun jiya ta ƙare," in ji Umma.

Tana sa mata, wayar Muhibba ta yi ƙara: aikin ya fara sauka, har da gyaran shekaranjiya. Sai ta tuna ranar da ta ari tsohuwar wayar nan ta Umma don cike gurbi.

"Umma, yaya 'yar wayar nan ta ɗauke shi duka?"

Umma ba ta juyo ba. Muhibba ta buɗe wajen hotuna a wayar Umma, wayam. Wajen murya, wayam.

"Ina na Baba?"

Umma ta ci gaba da juya miya.

"Kullum sai ta ce ta cika, in goge wani abu. Da ɗai-ɗai na riƙa cirewa. Naki kuwa ba na taɓawa, amana ce."