Maharbi da Karan Rake

Kai da kake tada jijiyar wuya don mai shago ya ce ka bar bindigarka a waje, sassauta murya ka ji. An yi wani maharbi a wani ƙauye na bakin daji, shekara talatin bindigarsa ba ta taɓa nisa da hannunsa ba. Da ita yake cin tuwo, da ita yake zuwa gaisuwar mutuwa, kullum a ɗure da albarushi, yatsansa na shafa kunamarta kamar mai jan carbi. Ran nan dagaci ya aiko masa cewa bayan la'asar za a naɗa shi Sarkin Baka. To, rawani ba ya hawa kan da ya yi wata huɗu a dawa bai ga aska ba. Wanzamin garin kuwa ɗaya ne tal, wani tsoho siriri mai rumfa a gindin tsamiya, kuma yana da doka: duk mai bindiga ya rataye ta a ƙusar da ke jikin itacen kafin ya hau tabarma. Maharbi ya zo, ya yi kamar bai ga ƙusar ba, ya zauna ya ɗora abarsa a cinya. Tsoho ya ci gaba da wasa askarsa a fata, ko kai bai ɗaga ba, ya ce, "Maigida, ƙarfe ɗaya ke aiki a tabarmar nan, kuma nawa ne."

Ina wuta maharbi ya faɗa! Shi da ya kwana a ramin kura, shi wannan ɗan tsurut zai kafa wa doka? Ya tashi fuu ya tafi gida, ya zaro wuƙar fiɗa ya hau kansa da kansa. Kafin azahar kan nan ya koma kamar gonar da awaki suka yi wa ɓarna, nan tsibiri, can kwari, ga yanka uku a ƙeya. Matarsa ta leƙo, ta toshe baki da zane ta koma ɗaki, amma yana jiyo ta tana sheƙa dariya. Ya dubi rana, ta fara karkata. Haka ya ja hula har kunne ya koma gindin tsamiya, ya rataye bindigar yana huci kamar kububuwa. Hannuwansa suka rasa wurin zama, suna ta lalube a cinya. Wanzami ya lura, ya miƙa masa karan rake ya ce ya riƙe wannan.

Wanda bai taɓa zama a hannun gwanin wanzami ba bai san daɗin duniya ba. Ruwa mai sanyi, inuwa, aska na tafiya sumul, ga gajiyar dawa. Maharbi ya fara gyangyaɗi, har ya hango ɓauna a mafarki. Ana nan sai tayar wata motar itace ta fashe a bakin hanya, daram! Kafin wanzami ya janye hannu, mutumin ya zabura, ya ɗaga rake ya kafa a kafaɗa, ya auna ƙirjin mai shayin da ke tsallake, yatsansa na ta jan kunamar da babu. Mai shayi ya dubi raken, ya dafe ƙirji, ya sulale kan benci yana cewa, "Wayyo, ya kashe ni da zaƙi!" Dariya ta ɓarke har masu jiran ƙaho suna riƙe ciki. Maharbi ya dubi abin da ke hannunsa, ya dubi mai shayin nan, uban 'ya'ya bakwai, yana raye yana tuntsura dariya. Ya waiga ya dubi bindigarsa a rataye a ƙusa, sannan shi ma ya fashe da ita har hawaye. Tsoho dai ko a jikinsa. Shekara arba'in yana kallon yadda maza ke firgita daga barci a ƙarƙashin askarsa. Ya kama kan ya karkatar, ya ƙarasa aikinsa, aka naɗa rawani a kan da ke ƙyalli kamar sabuwar ƙwarya.

Saboda haka in ka je wurin mutum ya ce ga tsarinsa, rataye ka shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.