Guzurin Radiyya

Na dangwali koren kwaɓin da gurasa, na haɗiye da ƙyar. Ɗaci kamar maɗaci.

Kalaba muka nufa da motarmu. Matata Radiyya ta kwana biyu tana koyon koren kwaɗon fiya irin na mutanen Meziko a waya, don guzurinmu. Tun Sabon Birni take barci.

A garin Isa ta farka.

"Kai, haɗin ga naki ya yi daɗi!" na ce.

Ta buɗe kula. Haɗinta na ciki, ba a taɓa ba. Ta dubi leɓɓana, sun yi jawur.

"Lallena ka ci, Baban Anas."

Na sunkuyar da kai.

"To mi za ni yi da yabon da kake wa girkina shekara bakwai?"