Yashin Kifayen Halliru

Barakatu na tsugune a tsakar gida tana rege yashi a ƙwarya lokacin da 'yan doka suka sake yin sallama, tare da mai unguwa. Ba ta tashi ba, mayafi kawai ta ja.

Mijinta Halliru, malamin awo a kamfanin kuza na bayan Kibiya, yana tsare a Rano tun ranar kasuwa. An ce kuza na raguwa a shagon awo, shi kuwa ya dafa Alƙur'ani ya rantse ko ƙwaya bai ɗauka ba. Alƙali ya ce a sake bincika gidansa. In an samu, sai gidan yari. In ba a samu ba, a sake shi.

Yashin na akwatin gilashin nan ne da Baturen kamfani ya bar wa Halliru da zai koma ƙasarsu, da wasu jajayen kifaye da ko miya ba za su yi ba. Mutanen garinsu Fassi sun sha dariya, wai mutum da hankalinsa yana kiwon abin da ba ya ci. Halliru na son su kamar 'ya'ya, amma wankin yashi da canjin ruwa aikin Barakatu ne, kamar yadda kai masa tuwon rana shagon awo yake aikinta.

Saje Gali, babban 'yan dokan, ya sa aka kwance gado, aka zazzage rumbu, aka bi daɓe ana ƙwanƙwasawa. Ita dai tana juya ƙwarya, farin yashi na zubowa cikin daro, abin da ya kwanta a gindi ta juye a bokitin ruwan datti. Hannunta bai kuskure ba ko sau ɗaya.

"Tun da aka tafi da shi ruwan kifayen ya lalace," ta ce, hawaye na zuba. "In ya dawo ya tarar sun mutu, da wane ido zan dube shi?"

Tausayi ya kama Gali, don yana da 'ya sa'arta.

"Baba," ta ce, "bokitin nan ya tare muku hanya. Don Allah fitar min da shi bayan danga, da yamma zan ba tattasai."

Ya ɗaga da nishi, yana tsine wa tsufa da ciwon baya. Da ya dawo sai idonsa ya faɗa kan daro. Ya naɗe hannun riga, ya tona yashin har ƙasa, ya murza, ya shinshina. Fari tas kamar gishiri.

"Mai unguwa, ka shaida," ya ce. "Babu komai a cikin gidan nan. An zalunci bawan Allah."

Kafin la'asar Halliru ya shigo, ya rame, idanu sun faɗa. Kai tsaye ya nufi kifayensa, ya durƙusa yana kallonsu cikin ruwa garau.

"Allah ya tona asirin wanda ya ja min wannan wulaƙanci."

Barakatu ba ta ce amin ba. Ta zaga bayan danga, ta tsiyaye wa tattasai ruwan a hankali, har baƙar kuza ta bayyana a gindin bokiti, wadda ta daɗe tana kawowa gida tafi-tafi a cikin kwanon tuwo, tana ɓoyewa a yashin kifayen.