Injiniyan da Ya Shiga ta Ƙofar Gabas

An yi wani injiniya a wani kamfanin waya, mai cika bakin cewa ko tururuwa ce ta fito daga rami, shi zai faɗi adadinta kafin ta ƙarshe ta leƙo. Aikinsa shi ne auna nauyin da na'urar tantancewa za ta iya ɗauka. Na'urar nan kamar mai gadin ƙofa take: duk wayar da aka kunna sai ta ƙwanƙwasa mata, ta tambaye ta ko wace ce, ta duba layinta, ta buɗe mata shafin kira, sannan ta ce shigo. Da kamfani zai kafa ƙarfen sabis a wani babban gari, aka tura shi ya je ya ga yadda mutane ke amfani da waya. Gogan naka bai taka ko tasha ba. Ya zauna ƙarƙashin fanka, ya ɗauki yawan mutanen garin ya raba da awannin wata, ya zana layi mai kyau shimfiɗe kamar tabarma. Ya ce wa manaja wata guda ya yi a can yana ƙirga, na'ura ɗaya ta isa har da ragi, sayen ta biyu almubazzaranci ne. Ya buga ƙirji ya ce in ta gaza a karɓe kujerarsa.

Aka sa ranar buɗewa Juma'a, manaja ya taho da shi. Abin da lissafin dokin ranonsa bai sani ba shi ne, masallacin garin na da doka: ba ka shiga sai ka kashe wayarka a gaban 'yan agaji. Liman na yin sallama, hannu dubu talatin suka faɗa aljihu lokaci guda, kowa ya kunna wayarsa. Wayoyi suka yi wa na'ura caa. Wadda aka ce ta dakata ba ta dakatawa, sai ta sake ƙwanƙwasawa, ta sake, ta sake, har ƙwanƙwasa ɗaya ta haifi goma. Kafin mutane su gama laluben takalma, sabis ya ɗauke a garin kaf. Injiniya ya kasa tsaye ya kasa zaune, yana kewaya ƙarfen sabis kamar akuyar da aka ɗaure a rana, ya cire hula ya mayar, ya danna nan ya danna can. Da manaja ya tsare shi da ido, sai ya ce ai wannan sabon abu ne, Juma'a huɗu ya yi a masallacin nan, sahun farko, bai ga mai kashe waya ba.

Tsohon mai gadin wurin, wanda dawowarsa ke nan daga sallar, ya jingine tabarmarsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ta wace ƙofa kake shiga?"

"Ta gabas mana, Baba."

"Ikon Allah! Ƙofar gabas liman kaɗai ke bin ta. Ashe kai ne ke jan mu sallah wata guda, ba mu gane ka ba?"

Manaja hannu kawai ya miƙa wa injiniya ya ba shi makullin ofis. Da ma Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.