Ya Bi Layi Kamar Kowa

Firam na uku ya karkace. Tun daga bakin ƙofar sashen gaggawa tsohon kafinta ya hango, ya tsallake masu jira, ya sa yatsa biyu ya miƙar da shi.

Takardun likita ne jere a bango: ta gama makaranta, ta ƙwarewa a aikin gaggawa, da lasisin aiki mai jan hatimi. Tsohon bai iya karanta rabinsu ba, don tun yana yaro aka kore shi daga aji saboda ƙadangaren da ya ajiye wa malami a aljihu. Amma katako ya sani. Ya shafa kusurwar firam ɗin kamar mai shafa kan jariri.

"Baba, ba a taɓawa," in ji yarinyar da ke teburin karɓar marasa lafiya.

"Ni da na yi shi? 'Yar nan, ko ginin nan zai rushe, firam ɗina ba zai yi gezau ba."

Ta yi dariya. Kowa dariya yake yi in ya buɗe baki, kuma shi ya ja wa kansa. Mutumin da ya taɓa sayar wa maƙwabcinsa kujerar maƙwabcin, aka biya shi har da godiya, wa zai ɗauki maganarsa da nauyi?

Wasansa na ƙarshe ne kawai bai yi daɗi ba. 'Yarsa tilo ta daɗe ba ta leƙo gida ba, kullum aiki, kullum "gobe, Baba". Sai ya shimfiɗe a tsakar shago cikin garin katako, ya sa aka kira ta wai ya faɗi. Ta iso da takalmi ɗaya, ta durƙusa tana kuka tana laluben wuyansa. Shi kuwa gogan naka ya buɗe ido ɗaya, ya ce, "Ashe kin san hanya."

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙe tana karkaɗe gwiwa, ta ce ta bar mutane a halin rai kwakwai mutu kwakwai saboda shi. "In ka sake jin ciwo, kar ka kira ni, ba zan ɗauka ba. Ga katin inshorarka nan na gwamnati. Ka je asibiti ka bi layi kamar kowa."

To yau ga ciwon na gaske. Tun safe wani abu ya zauna masa a ƙirji kamar an ɗora buhun siminti, hannun hagu ya yi sanyi. Ya ɗauko waya, ya dube ta, ya mayar aljihu. Ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki kati, ya zo ya bi layi.

Layin bai da sauri. Ya bar wa mai ciki wurinsa, ya bar wa wani da ya yanke da gilashi. Har ya sa wata tsohuwa dariya da ya ce zai aure ta in sun fita da rai. Gumi na tsattsafo masa, yana sharewa da hula.

Da ya iso tebur ya ajiye katin da alfahari. Yarinyar ta juya shi, fuskarta ta canza.

"Ayya, Baba. Mun daina karɓar wannan tun farkon wata. Asibitin nan ya fita daga tsarin. Ba ka ga sanarwa a ƙofa ba?"

Ya gani. Rubutun ne ƙanana.

"Sai dai ka je babban asibiti, can bayan gada. Me ke damunka ne ma?"

"Zuciyata ce ke son yin ritaya ba ta ba ni notis ba."

Ta sake dariya. Mutum a tsaye da ƙafarsa, yana zuba barkwanci, ina gaggawa a nan?

"Likita na ciki?" ya tambaya a hankali.

"Na ciki, kan masu haɗarin mota. Wa zan ce?"

Ya dubi ƙofar mai gilashi. Ta cikinta ana jin gudu da ƙarar na'ura, ga wata uwa na ihu. Ya juyo ga yarinyar.

"Bar shi. Kar a raba likita da masu ciwon gaske."

Ya ɗauki katinsa. Da zai wuce ya sake duban firam na uku, ya ga yana nan daram, ya gyaɗa kai.

Bai kai bayan gada ba. Bai ma kai bakin titi ba. A gindin get ya zauna kamar mai hutawa, sannan ya kwanta. Mai gadi da wani direban tasi suka cicciɓo shi, kuma wannan karon ba wanda ya tambayi kati, ko da yake yana damƙe a hannunsa.

Sai ga likita da gudu, fuska a rufe da takunkumi. Aka yage rigar mai kyau, aka danna ƙirji, aka sa na'ura, aka sake dannawa. Aka daɗe, har ma'aikatan jinya suka fara kallon juna, har babbarsu ta ce a hankali, "Likita, ya tafi."

Hannuwan suka tsaya. Ana jiran a faɗi lokacin rasuwa.

Sai likitar ta zare takunkumi, ta durƙusa, ta kai bakinta kunnensa.

"Baba, ga ni na zo. Wasan ya isa haka. Don Allah buɗe ido ɗayan."